Sawun Nomau a Birnin Ƙura

A ƙarƙashin gadon Nomau akwai birni mai ganuwa da kasuwa da fada, shekara tara ana mulki a cikinsa ba wanda ya sani. Ba don taurin kan Hansai ba, da har yau ba a sani ba.

Hansai 'yar Nomau ce. Tana da shekara goma sha ɗaya ruwa ya cinye gonarsu, ubanta ya rataya jakarsa wata safiya ana yayyafi, ya ce zai je kamun kifi Tafkin Chadi ya dawo kafin girbi. An yi girbi tara. Uwarta kuwa tun tana goye ta rasu, saboda haka kakarta, Iya Tabawa, ita ta riƙe ta. Hansai ta sha tafiyar ƙasa zuwa makaranta, ta sha gorin yara masu cewa ubanta ya gudu, ba ta taɓa bari an ga hawayenta ba. Ta gama sakandare, ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, ta dawo hutu da farar riga da baki mai kaifi.

A garinsu ba a share ɗakin matafiyi sai an ji ya sauka lafiya, don kada a share sawunsa ya kasa gane hanyar gida. Wasu kan jira kwana ɗaya, wasu uku. Iya Tabawa ta jira shekara tara. Nomau ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta yin kukansa a gaban mutane. Sai dai kullum da hantsi ta shiga ɗakinsa, ta bi 'yar siririyar hanya guda daga ƙofa zuwa gado, ta zauna a bakin katifarsa ta audugar rimi tana jan carbi, taga a rufe. In ta fito sai atishawa, idanu jajur, ƙirji na kuka kamar ana busa sarewa.

"Iya, wannan fukar taki ba iska ba ce, ba kuma sammu ba ne," in ji Hansai. "Ƙwari ne a cikin ƙurar ɗakin can. Na ga irinsu a madubin likita."

"Ƙwarin da ido ba ya gani, amma naki idon ya gani. Sannu, 'yar boko. In kun haɗu ki ce ina gaishe su."

"Ki bari in share."

"Ki share me? Ranar da yaron nan zai tafi ya shigo da laka a ƙafarsa, ya taka wani wuri a ɗakin. Ƙura ta rufe, ban san inda sawun yake ba. In na san wurin da na kwashe shi na ƙulle a tsumma, ki share har rufi. Tun da ban sani ba, tsintsiya ba ta shiga."

Hansai ta kau da kai.

Da damina ta yi nisa, bango ya jiƙe, ɗakin ya soma warin sanyi, ciwon ya tsananta. Wata Talata Iya ta fito daga ɗakin ta faɗi a bakin ƙofa, leɓɓanta sun yi baƙi. Hansai ta ɗago kanta, ta danna mata maganin shaƙa har sau uku kafin numfashin ya dawo. Ta kwantar da ita a rumfa, ta tsaya tana kallon ƙirjin tsohuwar na hawa yana sauka da ƙyar. Ta san irin wannan faɗuwar ba a yin ta sau da yawa. Ta ɗauki tsintsiya.

"In kika sa ta a ɗakin nan, ba ni ba ke," in ji Iya da 'yar muryar da ta rage mata.

"Gara ki yi fushi da ni kina numfashi."

Ta shiga ta turo ƙofa. Ta ɗaga tsintsiya ta fyaɗa wa katifa da duk haushin shekara tara. Ƙura ta tashi ta buge ta a fuska. Ta yi atishawa, don fushi ba ta ko ce alhamdu lillahi ba, sai ta ga gado ya kai mata kafaɗa. Ta yi ta biyu, gado ya zama soro. Kafin ta bakwai ta gama fita, Hansai tana tsaye a tsakiyar wata sahara mai launin toka, tsintsiyarta kuwa na kwance a gefe kamar dajin giginya da guguwa ta kayar.

Ta kakkaɓe rigarta, ta gyara mayafi. "To," ta ce, "ko ma su wane ne, yau sai mun yi magana."

Ba ta yi nisa ba ta tarar da wani dattijo mai jikin azurfa da dogon gashin baki guda biyu, zaune a bakin wata ƙofa yana cin hannun rigarsa.

"Salamu alaikum, Baba."

"Amin, alaikis salamu, ya ke 'yar Adam. Ni ne Asu, Sarkin Ƙofa, wanda ya cinye babbar rigar sallar mahaifinki tun daga wuya har gindi. Allah ya saka wa masaƙinta. Me ya kawo ki?"

"Wurin mai garin nan na zo."

"Magajiyar Ƙura ba ta ganin baƙo hannu sake. Ni nawa zare ɗaya ne daga mayafinki. Na fada kuwa, kaushin dugaduganki."

Hansai ta ɗaga hanci. "Ni ba ni da kaushi. Kullum sai na shafa mai."

"Ranki ya daɗe, tun kina bayan ganuwa ƙanshinsa ya iso kasuwa, har farashin abinci ya faɗi."

Ta dube shi, ta dubi ƙafarta, dariya ta kusa kama ta. Ta zauna ta cire takalmi, ta ɓamɓaro kaushin da hanyar makaranta ta gina mata shekara da shekaru, ta ɗaure a bakin mayafi. Ta zare masa zare ɗaya. Ya tauna ya lumshe ido, sa'an nan ya shige gaba ta bi shi.

Suka ratsa wani kwari cike da gashin kai, kowane ɗaya kamar gungumen rimi, yawanci farare. Asu ya ce na Iya ne. Suka haye wani rami a kan gada mai santsi, Hansai na rarrafe da hannu da gwiwa, sai da suka sauka ya gaya mata fiffiken mataccen kyankyaso ne. Ta ce gara da bai faɗa da wuri ba.

A bayan gadar wani jan ƙato ya tare hanya, faffaɗa kamar faranti, cikinsa a shafe, bakinsa kamar mashi. Asu ya ɓuya a bayan Hansai.

"Ni ne Kuɗin Cizo, mai tare fatake," in ji ƙaton. "Shekara tara ba wanda ya kwana a gadon nan. Da 'yar ƙafar tsohuwa nake maleji, ita ma jinin nata duk ruwa ne. Yau Allah ya kawo mini sabo."

"Ashe kai ne kake ƙuje mata ƙafa," in ji Hansai. "Ni da kake gani, a makaranta aikina ke nan, ɗiban jini da allura. Matso in nuna maka yadda ake yi."

Ta zare allurar da ta maƙale mayafinta, ya kawo sara ta goce, ta soka masa a hammata. Ya yi ƙara ya juya, ta ƙara masa a baya. "Wannan na ƙafar dama ne, wannan na hagu!" Ya ruga ya shige tsagar katako yana kiran uwarsa.

Suna cikin haka sai sama ta yi duhu, ƙasa ta girgiza, gado ya yi wani kuka mai tsawo. Daga can sama wata murya kamar tsawa ta ce, "Hansai? Ke 'yar nan, ina kika shiga?" Iya ce ta lallaɓo ta shigo nemanta, ta zauna a bakin katifa. Sai tari ya sarƙe ta. Iska ta taso ta kwashi tuddan ƙura, ta ɗaga Hansai ta maka ta da ƙasa. Ta rungume wani gashi fari ta riƙe, iska na jan ƙafafunta, ƙura na cika mata baki, hannuwanta na zafi, ba ta saki ba har tarin ya lafa.

"Albarkar Mai Ciyarwa ke nan," in ji Asu yana kakkaɓe jiki. "Yau ta zo da ƙarfi."

"Albarkar ƙaniyarka! Yi sauri, Baba."

Birnin na cikin inuwar gado, inda laima ta fi yawa. Gidajensa na audugar rimi ne da ta zubo daga yagewar katifa. Mutanensa farare ne, ƙiba-ƙiba, kowanne da ƙafa takwas da gashi tsaye a gadon baya, kuma ko ɗaya ba shi da ido. Ba su da rijiya ko tulu, laimar iska suke sha da jikinsu. A kasuwa an jera ɓawon fatar mutum kamar waina, ana ciniki. Da Hansai ta wuce, duk suka juyo da hancinsu suna cewa, "Jikar Mai Ciyarwa ce, jikar Mai Ciyarwa ce," wasu na shafa gefen rigarta.

Magajiyar Ƙura na zaune a kan maɓallin riga, 'ya'yanta da jikokinta sun kewaye ta ba iyaka. Hansai ta durƙusa, ta ajiye gaisuwarta. Magajiya ta ɗanɗana.

"Wannan kaushin ya yi tafiya," ta ce. "Akwai rana a cikinsa, akwai tsakuwa, akwai kukan da aka haɗiye. Marhabin da 'yar Nomau. Faɗi buƙatarki."

"Ranki ya daɗe, so nake ku tashi daga ɗakin nan."

Fada ta ɗauki guna-guni. Magajiya ta ɗaga ƙafa ɗaya aka yi tsit.

"Ya ke 'yar Adam, me muka yi muku? Ba mu cizo, ba mu shan jini, ba mu sata. Abin da jikinku ya yar shi muke tsinta. Na mahaifinki ya ƙare tun kakannin kakanninmu, da za mu mutu da yunwa, sai wannan baiwar Allah ta riƙa zuwa kullum tana zauna mana, tana zubo mana abinci. Ita ta hana tsintsiya, ita ta hana rana. Ba mu da wanda muke ƙauna kamarta. In ta aiko mana da iskar nan tata, yaranmu har rawa suke yi."

Hansai ta zo da maganganu masu zafi a bakinta, ta ji sun narke. Ta gyara zama.

"Ranki ya daɗe, ki gafarce ni, zan yi tambayar rashin kunya. In kun ci kun ƙoshi, ina kuke kewayawa?"

"Ko'ina. Birni namu ne."

"To, shi ne. Abin da kuka kasayar, da rigunan da kuke tuɓewa in kun girma, da gawarwakin magabatanku, duk bushewa suke yi su zama gari. In ta zauna, su tashi su bi ta hancinta su sauka a ƙirjinta. Wani jikin ba ya damuwa da su, nata kuwa yaƙi yake yi da su, hanyar numfashinta ta kumbura ta toshe. Iskar da kuke wa rawa tari ne. Ɗazu ta faɗi a bakin ƙofa. In ta mutu, ku ne, ba kuwa da nufinku ba."

Ba wanda ya motsa. Sama ta sake girgiza, tari na biyu ya zo, ya fi na farko tsawo, a ƙarshensa kuma wani siririn fito kamar iska na bi ta tsagar kara. Wannan karon ba yaron da ya yi rawa.

"Mu ba mu da idon yin kuka," in ji Magajiya a hankali, "da yau an yi ambaliya a birnin nan. Za mu tashi. Amma ko mun tashi, 'yan'uwanmu za su cika wurin muddin ba a share ba, ita kuma ba za ta yarda a share ba sai an ga sawun. Ga hanyoyi uku a gabanki. Ta dama ta nufi gindin taga, ta tsakiya ta nufi kan gado, ta hagu ta nufi bayan ƙofa. Ɗaya ce ke kaiwa ga sawun Nomau. Zaɓi sau ɗaya. In kin kuskure, nan za ki zauna, mu ba ki ɗaki."

"Ina zan sani? Ina yarinya lokacin."

"Ƙarya wari gare ta, 'yar Nomau, mu kuwa da hanci muke gani."

Hansai ta juya. Ta dubi hanyar hagu. Shekara tara tana cewa ba ruwanta da mutumin da ya tafi ya bar su, har ita kanta ta kusa yarda.

"Bayan ƙofa ne," ta ce. "Ranar da zai tafi na yi fushi, na ɓuya a can na ƙi yi masa sallama. Ya shigo da laka a ƙafarsa, ya tsaya a gabana, ya dafa kaina ya ce in riƙe masa Iya. Ban ɗago ba. Da ya fita, na sa ƙafata a cikin sawunsa tun lakar ba ta bushe ba. Ban gaya wa kowa ba. In na nuna wa Iya za ta ga nawa a ciki, ta san ni ma jiransa nake yi."

"Kina jiransa?"

"Ina jiransa."

"Yanzu warin ya tafi. Bi hanyarki. Sharaɗinmu biyu ne. Ki ba mu yini ɗaya kafin ki kawo rana da tafasasshen ruwa. Kuma kada ki ƙone katifar, ki kai ta bayan akurkin kaji. An ce can ma ana samun abinci, ko da bai kai na Mai Ciyarwa daɗi ba."

"Na ɗauka, ranki ya daɗe."

Ta sallami Asu da wani zaren, ta kama hanyar hagu da gudu. Ƙura na kai mata gwiwa, wani wurin ƙugu, ta faɗi ta tashi, takalminta ɗaya ya nutse ta bar shi. Can ta iso bakin wani babban kwari, ta tona da hannu har farcenta ya taɓa busasshiyar laka. Kwarin na da 'yan tafkuna biyar a gabansa, a tsakiyarsa kuma wani ƙaramin kwari mai nasa biyar ɗin. Ta zauna a ciki, ta yi kukan da ta daɗe tana bin kanta. Kuka ya kawo majina, ƙura ta shiga hanci, atishawa ta ƙwace mata.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Daga sama, cikin haki, muryar Iya ta amsa kamar yadda ta saba tun Hansai na goye: "Yarhamukillahu."

Kwarin ya tsuke. Hansai ta sake yin atishawa, Iya ta sake amsawa. A ta bakwai sai ga Hansai tsugune a bayan ƙofa, fari fat da ƙura, takalmi ƙafa ɗaya.

Ba ta tsaya bayani ba. Ta sungumi tsohuwar ta fitar da ita tsakar gida, ta danna mata maganin shaƙa, ta yi ta shafa mata baya har fiton ya ragu. Sa'an nan ta jiƙa ɗankwali ta ɗaure mata a hanci da baki, ta riƙo hannunta zuwa bayan ƙofa. Ta sa tafin hannu ta kwashe ƙurar a hankali.

Iya ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta bi gefen babban sawun, daga dugadugi har babban yatsa. Sai ta tsaya a kan ƙaramin.

"Wannan kuma na wa?"

"Nawa ne."

"Au. Na mai cewa ko ya dawo ba za ta gaishe shi ba?"

"Iya, ki bari mana."

"'Yar boko, 'yar boko," in ji Iya, ta jawo kan Hansai ta kifa a ƙirjinta. "Ashe mu biyu ne a ɗakin nan tun tuni."

Da wuƙar yankan kuɓewa Iya ta ɓamɓare lakar, ta kasa ta biyu, ta ƙulle kowane kashi a ƙyallen tsohon zanenta. Ɗaya ta ɗaure a lalitarta, ɗaya ta danƙa wa Hansai.

Ranar Laraba ba a taɓa ɗakin ba. Iya ta tambayi dalili, Hansai ta ce alkawari ta yi wa wasu masoyanta, kuma sun ce suna amsa gaisuwa. Ranar Alhamis ta tura Iya gidan maƙwabta, ta ɗaure hancinta, ta ja katifar zuwa bayan akurki. Ta yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, ta share, ta goge bango da jiƙaƙƙen tsumma, ta kwarara wa katakon gado tafasasshen ruwa, musamman wata tsaga da ta sani. Ta shanya komai a rana, ta buɗe tagar da ta yi shekara tara a rufe.

Fukar ba ta rabu da Iya gaba ɗaya ba, amma kafin Hansai ta koma makaranta sarewar ƙirjin ta yi shiru, har tsohuwar na iya yin dariya ta kai ƙarshenta ba tari. Ranar tafiya, Hansai ta ɗauko jakarta, ta tarar da Iya zaune a ɗakin Nomau a kan sabuwar tabarma, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙafafunta. Ta sa hannu za ta jawo ƙofa.

"Bar ta a buɗe," in ji Iya. "In yaron nan ya dawo, gara ya tarar da ɗakinsa a share. Ke kuma zo nan ki taka mini lakar bakin randa kafin ki fita, don gobe zan share naki."